Baturi a Ƙasar Zafi: Nazari Kan Ajiyar Wuta a Fakku da Kewayenta

Cikin 'yan shekarun nan an samu wani sauyi a garuruwan kudancin Jihar Sakkwato wanda kunne ya riga ido ganewa. Daga Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna har zuwa Kebbe da Kuchi da Fakku, rurin ƙananan janareta da a da yake nuna wa baƙo inda ake cajin waya ko buga takarda ya fara ja da baya. Farantan sola suna yawaita bisa kwanon rufi, a ƙarƙashinsu kuma, cikin ɗaki ko bayan kantar shago, baturi ne da inbata. Malamin makaranta mai kwamfutar cinya, da matashin da ya buɗe shagon cike fom, da mai POS a bakin kasuwa, kowa ya shiga neman yadda zai ajiye wuta don lokacin da babu ita. Sauyin alheri ne, ban kuma ga dalilin yin fatan komawa zamanin hayaƙi da fetur ba. Sai dai mafi yawan asarar da ake tafkawa a wannan fage tushenta ɗaya ne: ana sayen kayan da aka ƙera don ƙasashen da wuta ke ɗaukewa na minti biyar cikin ɗaki mai sanyi, ana kawo su inda wuta ke ɓacewa kwana da kwanaki, zafin bazara na haura digiri 40, ƙwararren mai gyara kuma sai an yi tafiya kafin a same shi.

Dalilin farko na wannan yayi ba ɓoyayye ba ne. Najeriya mai mutane sama da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000 ne a yawancin ranaku. Sakkwato na cikin jihohi huɗu da kamfanin Kaduna Electric ke raba wa wuta, tare da Kaduna da Kebbi da Zamfara, kuma wutar tata daga Kainji take tasowa, ta bi ta babbar tashar Birnin Kebbi kafin ta iso. Dogon layi irin wannan, duk abin da ya same shi ya sami kowa: da gobara ta tashi a tashar Birnin Kebbi a watan Satumba na 2023, Kebbi da Sakkwato duka suka faɗa duhu. A 2024 kuwa babban layin wutar ƙasa ya durƙushe fiye da sau goma. In haka babban birni yake fama, garin da ke ƙarshen layi, nesa da titin Sakkwato zuwa Jega, rabonsa ya fi haka ƙanƙanta. Ko ranar da wutar ta zo, sau da yawa rabi take zuwa, ƙwan fitila ya yi ja, fanka na juyawa da ƙyar, maimakon bolt 230 da kayan lantarki ke bukata.

Amma rashin wuta tsohon ciwo ne. Da shi kaɗai ne, da janareta ya ci gaba da mulkinsa. Fetur ne ya karya shi. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki kaɗan, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa, balle a hannun 'yan bumburutu masu awo da galan da kwalba. Ƙaramin janareta kan sha rabin lita ko fiye a awa ɗaya ko da kwamfuta ɗaya aka jona masa, wato mai shagon da ke ƙona fetur don na'urar da ba ta cin wat 60 yana biyan kuɗin wutar da bai taɓa mafi yawanta ba. A daidai wannan lokaci kayan sola suka yi sauƙi a kasuwar duniya saboda yawan abin da masana'antun Sin ke fitarwa, farashin baturin litiyom ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2024. Faɗuwar naira tun Yunin 2023 ta cinye wani kaso na sauƙin kafin ya iso Tambuwal, duk da haka mutane sun ga gara su ji zafin kashe kuɗi sau ɗaya da su riƙa zuba su kullum a tankin janareta.

Wani zai ce ai wannan damuwar 'yan birni ce, gida nawa ne a Fakku ke da kwamfuta? Gaskiya ne wayar hannu ce kwamfutar yawancin jama'a. Amma kwamfutocin nan 'yan kaɗan su ne ke ɗauke da nauyin gari guda. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Duba sakamakon WAEC da NECO, neman gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, neman rancen ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024, neman aikin soja ko ɗan sanda, duka ta intanet ake yi, kuma ƙarshensu takarda ce da za a buga. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa dillalin dabbobi da mai sayar da hatsi karɓar tiransifa, ya mayar da na'urar POS bankin ƙauye. Idan kwamfutar shagon cike fom ta mutu ana saura kwana biyu a rufe shafin neman aiki, yara da yawa ne za su hau babur zuwa Kebbe ko Tambuwal, a hanyoyin da matsalar tsaro ta sa kowa ke taka-tsantsan da su. Ƙarancin kwamfuta a wuri hujja ce ta a ƙara kula da irin wutar da ake ba ta.

Kwamfutar tebur ba ta da baturi a cikinta. Wuta na ɗaukewa take mutuwa, aikin da ba a adana ba ya tafi, in kuma abin ya faɗo daidai lokacin da take rubutu a ma'ajiyarta, manhajar da ke tada ta ma na iya lalacewa. Domin wannan aka ƙera UPS, ɗan baƙin akwatin nan da ake gani ƙarƙashin tebur a ofisoshi. Aikinsa ya karɓi kwamfuta cikin ƙiftawar ido, ya riƙe ta har mai ita ya adana aikinsa ya kashe ta lafiya. Iyakarsa ke nan. Wanda ya buɗe cikin mai lamba 650VA, wanda ya fi yawa a kasuwa, ɗan baturin dalma ɗaya zai tarar mai bolt 12 da amfiya 7, ajiyar wat 84 na awa ɗaya a rubuce, abin da ba zai riƙe kwamfutar tebur da allonta fiye da 'yan mintoci ba. Lambar 650 ɗin ma tana ruɗin wanda bai sani ba, domin abin da irin waɗannan ke iya ɗauka a zahiri bai cika wuce wat 360 zuwa 400 ba. Bayan ya zube kuma yana bukatar awa shida zuwa takwas na tsayayyiyar wuta kafin ya cika. A garin da wuta ke leƙowa awa biyu ta tafi, ba ya taɓa cika, baturin dalma kuwa in ya daɗe a haka, wani gishiri kan daskare a farantansa na ciki, ƙarfinsa ya tafi ba dawowa. Shi ya sa za a ga UPS da bai shekara ba yana kuka da zarar wuta ta ɗauke, allon kwamfutar ya yi baƙi tare da shi, in an kwance shi a tarar baturin ya kumbura har ya matse cikin akwatin, sai an ɓamɓaro shi. Mai shi zai ce jabu aka sayar masa. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa kayan na gaske ne, aikin da aka ɗora masa ne ba nasa ba.

Nan manomi ya kamata ya riga kowa ganewa, domin baturi rumbu ne: ba ya noma, abin da aka zuba masa kawai yake bayarwa, girmansa kuma ba ya ƙara albarkar gona. Tambayar da mai saye kan fara yi a kasuwa ita ce, "Amfiya nawa ne?" alhali akwai waɗanda suka riga ta: me zan kunna, na awa nawa, da me kuma zan cika shi gobe? A ɗauki gida mai kwamfutar cinya da ke cin wat 50, da na'urar rarraba intanet mai wat 10, da ƙwayayen fitila biyu da cajin wayoyi da ƙaramar fanka, jimillarsu wajen wat 100. Awa takwas na aiki, wat 800 na awa ɗaya ke nan. Baturin dalma mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400 a rubuce, amma in ana so ya yi ƙarko rabinsa kawai ake sha, inbata kuma ta ci nata kason wajen juya wutar, abin da zai rage wajen 1,000 ne. Ya ishi wannan gida har da ɗan rara. Farantin sola mai wat 400, a yankin da ke cikin mafi samun rana a Najeriya, zai iya mayar da 1,500 ko fiye a yini, matuƙar ana share masa ƙurar hunturu. Lissafi ya fita. Amma a jona dutsen guga mai wat 1,000, cikin awa ɗaya zai kwashe rabon kwamfuta na yini guda. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tara batura biyu ko huɗu a kan faranti ɗaya don kuɗi sun ƙare a wajen baturan. Ba za su taɓa cika ba, kuma tare za su mutu.

Daga wannan lissafi wata shawara ke fitowa wadda ba ta ƙara wa ɗan kasuwa ciniki: kafin a ƙara baturi, a rage ci. Kwamfutar tebur da allonta kan ci wat 150 zuwa 200, ninki uku ko huɗu na ta cinya, ita kuma ta cinya da nata baturi take zuwa, yana karɓarta ba tare da ta ko ƙifta ba. Na'urar rarraba intanet wutar bolt 5 zuwa 12 take so, kuma akwai ƙananan batura da ke ba ta ita kai tsaye na awoyi. Firintar leza da injin fotokwafi kuwa suna da wani sashe mai zafi da ke manna tawada a takarda, wanda kan fizgi kusan wat 1,000 lokacin da yake ɗumama. Masu ƙera UPS da kansu suna gargaɗin kada a jona su. Shagon da ke bukatarsu ya tara aikin bugawa zuwa tsakar rana, lokacin da sola ke kan ganiyarta. A kuma ware wa kwamfuta da intanet nasu layi da nasu soket, dabam da na firji da injin ruwa, domin a gida mai jama'a ba wanda zai iya tsare kowane soket.

Sai zafi, wanda takardar cikin kwali ba ta faɗarsa da babbar murya. Shekarun da ake rubuta wa baturin dalma a digiri 25 aka auna su, kuma sanannen abu ne ga masu wannan sana'a cewa kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba kwanansa biyu. A Maris da Afrilu da Mayu, inuwar waje ma tana haura 40 a ƙasar Sakkwato, balle ɗaki mai rufin kwano marar silin da tsakar rana. Baturin da aka ce zai yi shekara huɗu, a irin wannan ɗaki biyu ma sai an yi sa'a. Mai ruwa, dogon nan da ake kira tubula, ya fi rufaffe jure zafi, domin ana iya ƙara masa ruwa in ya ƙafe, da sharaɗin tataccen ruwan baturi ne. Na rijiya ko na leda yana ɗauke da gishirin da ke kashe shi a hankali. Rufaffe irin na cikin UPS kuwa, in ya bushe ya bushe ke nan. Shi ma litiyom zafi na rage masa kwana, amma nau'in da ake rubuta wa LiFePO4 ya fi dalma juriya nesa ba kusa ba: ana shan kashi 80 ko 90 na abin da ke cikinsa, yana cika da wuri, rashin cika ba ya lalata shi, yana kuma yin zagaye dubbai na cika da zubewa inda na dalma ke yin ɗaruruwa, ko dubu da ɗoriya in mai kyau ne ana kuma kula da shi. Ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ya fi ɗakin bulo da kwano dacewa da baturi kowane iri, zaɓen wuri mai inuwa da iska kuwa ba ya cin ko kwabo.

Masu cewa litiyom kayan masu hali ne suna da gaskiya a rabin maganarsu. Kuɗin farko ya fi yawa, malamin firamare ko mai shagon da jarinsa bai taka kara ya karya ba kuwa yau yake bukatar wuta, lissafin shekaru masu zuwa ba zai kunna masa kwamfuta ba. Ga irin wannan, tubula ɗaya mai kyau da isasshen faranti da kulawa zaɓi ne na hankali. Inda ban yarda da su ba shi ne inda neman sauƙi ke kai mutum ga kayan da suka cika kasuwa. Baturin mota an yi shi ne ya saki wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi ya tada inji, farantansa sirara ne, in ana zubar da shi kullum 'yan watanni zai yi. Na gwanjo ba wanda ya san saura nawa a kwanansa; yana iya nuna bolt 12 da ɗoriya a mita, a ɗora masa kaya ya faɗi nan take, don haka gwajin gaskiya sai da kaya a kansa. Mafi haɗari su ne fakitin litiyom da ake harhaɗawa daga tsofaffin ƙwayoyin baturin kwamfuta, a naɗe da salatif, ba tare da allon da ke tsare kowace ƙwaya daga wuce ƙa'idar caji da zafi ba. Ƙwaya ɗaya in ta ɗauki wuta tana kunna maƙwabciyarta, wutar kuma tana iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. Araha ba ta ado, a nan kuwa har gida takan ci.

Ana raina bolt 12 don ba ya jan mutum, amma baturi mai amfiya 200, in ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu, yana iya sakin ƙarfin da zai narkar da bakin sifana ya kunna waya nan take. Inbatar da ke ba da wat 1,000 daga bolt 12 tana jan amfiya 90 ko fiye, abin da ke bukatar gajeriyar waya mai kauri, da kan jan ƙarfe da aka matse aka ɗaure da noti. Abin da ake yawan gani dabam ne: siririyar wayar gida an fere bakinta an murɗa a kan baturi, wani farin gari mai kore-kore ya taru a wurin, robar wayar ta yi laushi ta sauya launi don zafi, baturin kuma na zaune kusa da katifa da buhun kaya. Fis ko bireka da za a sa dab da kan baturi, wanda zai yanke wuta kafin waya ta kama, kuɗinsa ɗan ƙanƙani ne kusa da na baturin, shi ne kuma ake fara cirewa in ana cinikin aiki. Baturi mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, ba launi ba wari, in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri tartsatsi ɗaya ya ishe ta fashewa, ta watsa asid a fuska da ido. Saboda haka ba a kulle shi cikin akwati marar huji, ba a ajiye shi a ɗakin kwana ko kusa da murhu da risho, ba a leƙa ruwansa da ashana, ba a kuma barinsa inda yara ke rarrafe. In asid ya taɓa ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 15, sannan a nufi asibiti.

Haɗarin bai tsaya cikin gida ba. Inbatar da aka jona da wayarin gida ba tare da makunnin da ke raba ta da layin waje ba tana iya tura wuta baya zuwa turaku, ta kama ma'aikacin da ya hau gyara yana ganin an ɗauke wuta, ko ta ƙone ranar da wutar Nepa ta dawo. Sandar ƙarfen da ake binnewa a ƙasa don ta kwashe wutar da ta ɓalle, gidaje da yawa ba su da ita. Da damina tsawa kan biyo dogayen wayoyi ta shiga gida. Na'urar kariya tana rage ɓarna, amma cire filogin kwamfuta in hadari ya haɗo har yanzu shi ya fi. Inbata mai araha kuma tana fitar da wuta mai tsalle-tsalle da ke sa fanka gurnani da caja zafi, don haka mai kwamfuta ya nemi wadda ke fitar da lafiyayyar wuta irin ta layi. Duk wannan ya dogara ga hannun mai haɗawa. Hukumar NEMSA doka ta ɗora wa tantance masu aikin wayarin, hukumar SON kuma ingancin kayan da ake shigowa da su, amma a karkara yaron da ya bi maigidansa 'yan watanni shi ne injiniyan sola. Ba laifinsa ba ne; sana'a ce ta buɗe ya shige ta, kuma da shi gari ke samun haske. Horo ya rasa, wannan kuwa gurbi ne da Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da makarantun koyon sana'a na jiha za su iya cikewa da gajerun kwasa-kwasai cikin Hausa, a kai su har hedikwatar ƙananan hukumomi.

Akwai wata suka mai nauyi, cewa duk gidan da ya sayi baturi ya sauke wa gwamnati nauyi, masu bakin magana kuma da zarar sun samu wuta a gidajensu sai su daina ƙorafi, a bar marasa hali cikin duhu. Wannan gaskiya ne. Baturin gida yana kunna kwamfuta da fitila, amma ba ya juya injin niƙa ko na casar shinkafa ko na walda a farashin da talaka zai iya. Tashar wuta mai megawat 38 da gwamnatin jiha ta soma a Sakkwato tun 2008 ta shafe fiye da shekara goma ba a ci moriyarta ba. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu, Bankin Duniya kuma ya amince da dala miliyan 750 a Disambar 2023 don shirin DARES da Hukumar Samar da Wuta a Karkara ke gudanarwa, wanda ya ƙunshi ƙananan tashoshin sola na gari guda. Garuruwa irin Fakku da Kuchi da Margai su ne inda irin wannan tasha ta dace, domin batura a wuri ɗaya ƙarƙashin kulawar ƙwararre sun fi batura ɗari a ɗakunan kwana ɗari sauƙi da aminci. Amma ɗalibar da za ta zauna jarrabawa bana ba za ta jira wannan ba. Sayen baturi bai hana a tambayi wakilan mazaɓar Kebbe da Tambuwal ina aka kwana kan taransifomomi da ƙananan tashoshin ba, kuma ya kamata masu baturin su kasance a sahun gaba na masu tambayar.

Illar da ta fi tayar mini da hankali ita ce wadda ba ta gama bayyana ba. Duk baturin dalma da aka sayo tun 2023 zai mutu, wasu ma sun riga sun mutu, kuma tubula mai amfiya 200 nauyinsa kan kai kilo 60, fiye da rabinsa dalma ce. Mataccen baturi kuɗi ne, shi ya sa ba ya kwana a bola. 'Yan gwangwan ke saye. Yadda ake yi da shi kuwa sananne ne: a kifar da asid ɗin a ƙasa, a fasa robar da gatari, a zaro farantan da hannu ba safa, wani lokaci a narkar da su a buɗaɗɗiyar tukunya a bayan gida, toka da ƙura su bi iska su sauka inda yara ke wasa da inda ake shanya hatsi. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar dogon bayani kan gubar dalma. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na maƙwabciyarmu Zamfara, ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake daka cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400, wasu dubbai suka rayu da ita a jininsu. Can haƙar ma'adinai ce sanadi, amma gubar ɗaya ce. A Senegal kuwa, a unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 sanadin dalmar tsofaffin batura da ake fasawa a cikin unguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mizani na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Kaɗan ɗinta ma yana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa.

A 2024 hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin kula da batura, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa da su alhakin tattara matattu a kai su ga masu sarrafawa masu lasisi. Kafin wannan takarda ta zama aiki a Kebbe, akwai abin da ke hannun mutanen wurin. Dilan da ke kawo sababbin batura daga Sakkwato ko Kano ba abin da zai hana shi karɓar tsohon a rufe, da ruwansa a ciki, ya rage wa mai saye kuɗin sabo, yadda masu sayar da baturin mota suka daɗe suna yi. Majalisun ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal, tare da hakimai da shugabannin 'yan gwangwan, suna iya hana fasa baturi da narka dalma a cikin gari, su ware fili guda nesa da rijiyoyi da gidaje inda za a riƙa tara su. Shi kuma maigida, ranar da baturinsa ya daina riƙe caji, kada ya bari a fasa shi a ƙofar gidansa, kada kuma ya jingine shi a zaure ko ɗakin girki yana jiran farashi ya tashi. Ya rufe kawunansa da salatif, ya tsayar da shi a inuwa inda yara ba sa kai hannu, ya kuma tambayi mai sayensa inda zai kai shi kafin ya karɓi kuɗin.